Idan Sabon Babur Ya Lalace Dila Ya Ƙi Gyarawa: Hanyar Neman Haƙƙi

Gabatarwa

Babur ya shiga sahun kayan aikin gona a Nijeriya, kamar garma da famfon feshi. Da shi manomi ke kai iri da taki gona, da shi yake fitar da amfani zuwa bakin titi, kuma da shi malamin gona ke zagaya ƙauyukan da aka ɗora masa. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wani sai ya sayar da amfanin shekara guda kafin ya saya, wani kuma bashin ƙungiya yake ci. Saboda haka idan sabon babur ya lalace a makonnin farko, musamman a farkon damina, asarar biyu ce: ga kuɗi a ɗaure, ga aiki a tsaye.

Abin da ya fi ciwo shi ne amsar da mai babur kan samu idan ya koma shago. Sai a dubi babur ɗin sama-sama a ce, "Kai ka ɓata shi, garanti bai shafi wannan ba." Da yawa sukan haƙura su biya kuɗin gyara daga aljihunsu, wasu kuma su ta da rigimar da ba ta haifar da komai. Wannan bayani zai nuna maka cewa maganar dila ba ita ce hukunci ba. Ana samun haƙƙi ne da hujja a hannu da kuma bin matakai ɗaya bayan ɗaya.

1. Garanti iri biyu ne

Na farko shi ne garantin kamfani. Alkawari ne a rubuce cewa idan wani sashe na babur ya lalace saboda aibin ƙira a cikin wani wa'adi, za a gyara ko a canza shi kyauta. Akan auna wa'adin da watanni ko da kilomita, kuma wanda ya riga cika shi ke rufe garantin. Sharuɗɗan suna cikin littafin da ke zuwa tare da babur. Sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka abin da ke littafinka shi ne naka, ba abin da ke na maƙwabcinka ba. Galibi wannan garanti ba ya ɗaukar kayan da ke cinyewa da aiki, kamar taya, fulogi, ƙwan fitila, sarƙa, takalmin birki da wayoyin birki da kuloci.

Na biyu shi ne garantin da doka ta ba ka ko da ba a rubuta maka komai ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar tarayya da ake kira FCCPC, wadda ta maye gurbin tsohuwar Majalisar Kare Masu Saye da aka yi wa doka a 1992. Sassa uku na wannan doka sun shafe ka kai tsaye:

Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda za su yi aikin da aka saba saye dominsa, su kuma yi ƙarko gwargwadon yadda ya dace.

Sashe na 132 ya ce idan kayan ba su cika wannan ba, mai saye na iya mayar da su cikin wata 3 daga ranar da aka miƙa masa, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar tana kan mai sayarwa. Wajibi ne mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi.

Sashe na 145 ya ce idan aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar.

Ka lura da wannan na ƙarshe. Ma'anarsa ita ce bai wadatar dila ya ce kai ka ɓata ba. Sai ya nuna yadda aka yi ya san haka. Haka kuma rubutun da ake bugawa a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kaya bayan an saya ba ya soke haƙƙin da doka ta bayar. Wannan ba baƙon abu ba ne ga al'ummarmu, domin a fiƙihu ma mai saye yana da zaɓin mayar da haja idan ya ga aibin da ya ɓuya masa lokacin ciniki. Amma fa doka ba ta kare ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa. Shi ya sa dukkan jayayyar take komawa ga tambaya ɗaya: mene ne ya jawo lalacewar?

2. Tushen lalacewa uku

Aibin ƙira. Wannan daga masana'anta yake: ƙarfen da aka zuba ya fito da kumfa a ciki, ko walda ba ta kama ba, ko wani sashe bai zauna daidai da ma'auninsa ba. Alhakinsa na kamfani ne da wakilinsa.

Kuskuren haɗawa. Yawancin baburan da ke kasuwanninmu, irin su Bajaj da TVS na Indiya, da Haojue da Jincheng na ƙasar Sin, ba a haɗe suke barin masana'anta ba. Wasu ana haɗa su a masana'antun cikin gida, wasu kuma a kwali suke isa manyan kasuwanni kamar Legas, Nnewi da Kano, sai makanikai su haɗa a bakin shago. A nan ake samun noti da ba a ɗaure sosai ba, ko wanda aka ɗaure har ya fasa mazauninsa, ko waya da aka matse ta goge, ko baƙin mai da ba a cika ba. Idan makanikin dila ne ya haɗa, alhakin yana wuyan dila. Idan kuwa kai ka ɗauki kwalin ka kai wa naka makanikin, ka ba dila babbar ƙofar kuɓuta.

Ɓarnar mai babur. Faɗuwa, karo, lodin da ya wuce ƙima, rashin canza baƙin mai, da shiga ruwa mai zurfi. Wannan babu garantin da ke ɗaukarsa, kuma gaskiya ita ce ka amince idan haka abin yake.

3. Yadda ake auna hujjar dila

Ƙarfe yakan bar shaidar abin da ya same shi. Ga zarge-zargen da aka fi yi da abin da za ka nemi a duba.

"Ka faɗi da shi." Babur ɗin da ya faɗi ba ya ɓoyewa. Za a ga gogewa a bakin kan tuƙi, da madubi, da matakin ƙafa, da hannun birki ko salansa, duka a gefe ɗaya. Idan murfin inji ya tsage alhali babu lotsawa, babu ƙarzuwar fenti, kuma sassan da suka fi shi fitowa waje lafiya lau suke, zargin faɗuwa ya yi rauni. A dubi cikin tsagar. Ƙananan ramuka kamar na soso alama ce ta aibi wajen zuba ƙarfen. A wurin walda kuma, tsatsa ko fenti a cikin tsagar na nuna cewa ta daɗe, ba jiya ta faru ba.

"Ka yi masa lodi." Wannan zargi yakan kama manoma. Buhu 2 na masara mai kilo 100 tare da matuƙi mai kilo 70 sun kai kilo 270, nauyin da ya zarce abin da littafin ƙaramin babur ke yarda da shi. Alamomin lodi su ne lanƙwasar kariya, karyewar wayoyin ƙafar baya, zubar mai daga shakazoba biyu na baya, da saurin ƙonewar kuloci. Amma lodi ba shi da alaƙa da mutuwar fitila ko ɗigar tanki. Ka tambaya: ta yaya lodi ya jawo wannan matsala ta musamman?

"Ba ka yi sabis ba." Sabon inji yana buƙatar a bi shi a hankali a kilomitocin farko, a kuma zubar da man farko a lokacin da littafi ya ce, domin yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe. Amsar wannan zargi ita ce katin sabis mai hatimi da kwanan wata da adadin kilomita, tare da rasit na baƙin mai. Wanda ba shi da su, maganarsa ce kawai da maganar dila.

"Gurɓataccen fetur ka sa." Wannan yana faruwa. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injuna da dama. Man bumburutu na bakin hanya ma yakan zo da ruwa ko kananzir. Idan aka yi maka wannan zargi, a ɗebi man da ke tanki a gabanku a kwalba mai tsabta, a rufe, a bar shi ya kwanta. Ruwa zai taru a ƙasa, kowa ya gani.

"Ka shiga rafi da shi." Idan ruwa ya shiga inji, baƙin mai yakan koma fari-fari kamar madara, matacin iska ya jiƙe ko ya yi laka. Idan man yana nan da launinsa, matacin kuma a bushe, babu shaidar ruwa. Haka nan matacin da ya toshe da ƙurar hunturu shaida ce a kanka, domin tsabtace shi aikinka ne.

4. Ranar da ka ga matsala

Abin da ka yi a kwana biyun farko shi ya fi tasiri a kan sakamakon.

a) Ka daina hawa nan take. Ci gaba da tuƙa injin da ke ƙara ko zubar da mai zai mayar da ƙaramar matsala babba, a kuma ɗora maka laifin.

b) Kada ka bari makanikin gari ya buɗe inji, ko ya yi walda, ko ya liƙe tsaga da gam. Da zarar an taɓa, shaidar ta tafi, kuma sharuɗɗan garanti sukan haramta hakan.

c) Kada ka wanke wurin. Ka ɗauki hotuna da wayar hannu: babur ɗin ta gefe huɗu, wurin da ya lalace daga kusa, mitar da ke nuna kilomita, lambar inji da lambar shasi. Idan ƙara ce ko hayaƙi, ka ɗauki gajeren bidiyo.

d) Ka rubuta rana, wuri, da abin da kake yi lokacin da abin ya faru, da sunan wanda ya gani.

e) Ka sanar da dila a ranar ta saƙon waya, ba kira kaɗai ba. Saƙo yana ajiye kwanan wata.

f) Ka kai babur ɗin a mota ko a tura shi. Idan za ka bar shi a shago, a rubuta maka takardar karɓa mai nuna halin da yake ciki da adadin kilomita.

5. Matakan neman haƙƙi

Mataki na ɗaya: dila. Ka je da mutum ɗaya mai natsuwa a matsayin shaida. Ka nemi ganin mai shago ko manaja, ba yaron shago ba. Ka buƙaci a duba babur ɗin a gabanka. Idan an ƙi, ka roƙi a rubuta maka dalilin ƙin, da sharaɗin da aka dogara da shi a littafin garanti. Sau da yawa wannan buƙata kaɗai takan sa a sake tunani, domin faɗa da baki ya fi sauƙi a kan sa hannu.

Mataki na biyu: wasiƙa. Ka rubuta a taƙaice, ba zagi, ba barazana. Ga misali:

"Ranka ya daɗe, a ranar ... na sayi babur ƙirar ... mai lambar inji ... da lambar shasi ... a shagonka a kan Naira ..., rasit mai lamba .... A ranar ..., yana da kilomita ..., na ga murfin inji ya tsage yana zubar da mai. Ban faɗi da shi ba, kuma ba wanda ya buɗe shi. An shaida mini cewa garanti bai shafi wannan ba. Ina neman a gyara, ko a canza, ko a mayar mini da kuɗina, bisa Sashe na 132 na Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018. Ina jiran amsa a rubuce cikin kwana 14. Na haɗa da kwafin rasit, katin garanti da hotuna."

Ka yi kwafi biyu, a sa maka hannu a ɗaya ka riƙe. Kada ka taɓa bayar da takardunka na asali.

Mataki na uku: ra'ayin masani na daban. Ka nemi wani wurin sabis da kamfanin ya amince da shi, ko injiniyan sashen kayan aikin gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharka, ko malamin kanikanci a kwalejin fasaha. Ya duba ba tare da ya kwance komai ba, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu. Idan sai an buɗe inji, a buɗe a gaban ɓangarorin biyu.

Mataki na huɗu: babban wakilin kamfani. Dila ɗan tsakiya ne. Sau da yawa yana ƙin karɓa ne domin gudun wahalar neman kuɗinsa daga sama. Adireshin babban wakili yana cikin littafin babur. Ka aika masa kwafin wasiƙarka da hotuna da rahoton masani. Kamfani yana da sunan da yake karewa, kuma shi ne ya san ko irin wannan aibi ya bayyana a wasu baburan da aka ƙera tare da naka.

Mataki na biyar: sulhu. Kusan kowace kasuwar babura tana da ƙungiya da shugabanni masu raba gardama. Ka kai musu da takardunka. Duk abin da aka amince a rubuta shi, da ranar cikawa, kowa ya sa hannu.

Mataki na shida: hukuma. Sashe na 146 na dokar ya ba ka damar kai ƙara ga FCCPC. Hedikwatarta tana Abuja, tana da ofisoshi a shiyyoyi, kuma tana karɓar koke ta intanet. Wasu jihohi, kamar Legas da Kano, suna da nasu hukumomin kare masu saye. Za a nemi rasit da shaidar cewa ka fara tuntuɓar mai sayarwa, wato wasiƙar da ka ajiye.

Mataki na bakwai: kotu. Doka ta yarda ka tafi kotu kai tsaye, amma ya fi kyau ta zama ta ƙarshe. Legas ta buɗe kotunan ƙananan da'awa a 2018, wasu jihohi kuma sun bi sahu. An tsara su domin a yanke hukunci da sauri, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Ka tambaya a kotun majistare mafi kusa ko akwai irinta a jiharka, ka kuma auna kuɗin zirga-zirga da darajar abin da kake nema.

A duk waɗannan matakai ka riƙa duba kalanda. Wata 3 ba su da yawa. "Ka dawo mako mai zuwa" sau shida ya cinye rabinsu. Ranar da ka mayar da babur a rubuce ita ce kariyarka.

6. Abubuwan da za su karya maka hujja

Kada ka kai maganar ofishin 'yan sanda. Saɓanin ciniki ba laifi ba ne, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Kada ka ƙwace kayan shago a madadin naka, domin mai gaskiya zai koma mai laifi. Kada ka ɓoye faɗuwa idan ta faru. Makaniki zai gane, kuma ƙarya ɗaya takan rushe sauran gaskiyarka. Kada ka cire wayar mita. Kada ka ƙara wa kariya ƙarfe da walda ko ka sauya wayoyin lantarki a lokacin garanti. Idan biyan kashi-kashi kake yi, kada ka tsayar da biya sai da yarjejeniya a rubuce.

Wani lokaci dila zai ce a raba: shi ya ba da kayan gyara, kai ka biya aikin. Idan hujjarka ba ta da ƙarfi, ko damina ta matso, wannan na iya zama maslaha. Amma a rubuta abin da aka canza, da cewa sauran garantin yana nan.

7. Ga malamin gona

Idan babur ɗin na ofis ne, rasit da garanti da sunan hukuma suke, kuma ita ce mai haƙƙin yin koke. Ka kai rahoto a rubuce ga shugabanka da jami'in sito a ranar da abin ya faru. Kada ka gyara daga aljihunka don gudun tambaya. Ka riƙe littafin tafiye-tafiye mai nuna rana, kilomita, mai da sabis.

Manoma da yawa ba sa karanta Turancin da aka rubuta littafin garanti da shi. Ka karanta musu sharuɗɗan a taron ƙungiya, ka taimaka wajen rubuta wasiƙa, ka kuma raka wanda ke buƙata. Idan ƙungiya ta sayi babura da yawa a wuri ɗaya, a binciki ko aibin ya bayyana a fiye da ɗaya. Babura 3 masu tsaga a wuri guda hujja ce da ba a iya ture ta da cewa kowa ya faɗi. Wannan hanya duka tana aiki ga injin ban ruwa, injin niƙa, injin casa da ƙaramar tarakta ta hannu.

8. Rigakafi tun ranar saye

Ka saya wurin dilan da kamfani ya amince da shi, mai wurin sabis. Ka karɓi rasit mai sunanka, kwanan wata, kuɗin da ka biya, lambar inji da lambar shasi, ka kuma gwada lambobin da waɗanda ke jikin babur. A cike katin garanti a buga masa hatimi a gabanka. Ka bar makanikin dila ya haɗa, ka tsaya kana gani. Ka duba babur ɗin da rana, ba da magariba ba: ƙarƙashin inji, wuraren walda, tanki, shakazoba, fitilu, birki da ma'aunin baƙin mai. A tayar da shi ya yi 'yan mintuna a wuri busasshe domin a ga ko zai ɗiga. Duk wata ƙarzuwa ko lotsawa a rubuta ta a rasit kafin ka fita. Ka ɗauki hotonsa a ƙofar shago. Ka tambayi ranar sabis na farko da wurin da za a yi shi, ka ajiye takardun duka a leda ɗaya a gida, ba a ƙarƙashin kujerar babur ba.

Kammalawa

Ba kowane ƙin dila ne zalunci ba, kuma ba kowace lalacewa ce aibin kamfani ba. Abin da ke raba gardama shi ne rasit, katin sabis, hotuna, da babur ɗin da ba a taɓa ba. Mai waɗannan yana da doka a bayansa. Marar su sai abin da dila ya ga dama. Ka tanade su tun ranar saye, ka sanar da matsala a ranar da ka gan ta, ka bi matakan ba tare da fushi ba. Domin ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko ofishin hukumar kare masu saye mafi kusa da kai.